Karsanar da Muka Koro daga Illela

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na komo daga arewa abokan karatuna ba su bar ni na huta ba. Duk wanda ya same ni a zaure sai ya ce in ba shi labarin tafiyar, na kuma lura duk sanda na ba da shi yana ɗan sauya kama a bakina. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya. Sai dai mai karatu ya sani ban riƙe alƙalami a hanya ba, kuma watanni sun shige. Maganganun mutane na kawo su yadda kunnena ya riƙe, ba lalle yadda aka faɗe su ba, kuma mai yiwuwa na ɗauki abin da ya faru a wannan zango na sa shi a wancan.

A shekarar na gama littattafan fiƙihu a gaban malaminmu a Sakkwato, ya ba ni izinin karantarwa. Bayan kaka sai saƙo ya zo daga gidan hakimin da ke riƙe da ƙasar arewa, wajen Ƙwanni, cewa yana son malami ya raka jakadansa karɓar zakka, domin bara talakawa sun yi kuka an wuce ƙa'ida. Malam ya ce ni zan tafi. Na ce masa ina tsoro, ban taɓa yanke hukunci a kan ko akuyar wani ba. Ya ce tsoron ne ya sa ya zaɓe ni.

Abin da na tafi da shi a kai shi ne ƙofofin da dukiya ke shiga hannun hukuma yadda littafi ya jera su. Akwai zakka, wadda ke da nata masu karɓa da aka ambata. Akwai humusin ganima, da jizya, da harajin ƙasa, da abin da ake karɓa daga fataken da ba Musulmi ba, da gadon wanda bai bar magaji ba, da dukiyar da mai ita ya ɓace. Na ɗauka zan same su a hanya a jere kamar yadda suke a takarda.

Jakadan sunansa Baba Tunau, dattijo ne gajere mai furfura, ya daɗe a wannan aiki. Mun fita da jakuna da 'yan dako kaɗan. Da muka isa gulbi ruwa bai gama janyewa ba, sai da fito. Masu jirgi suka karɓi kuɗin wuri a kan kowane kaya, aka ce mini wani kaso nasu ne, wani na sarkin ruwa, wani kuma ya wuce sama. Na tambayi Baba Tunau wannan wace ƙofa ce cikin ƙofofin baitulmali, don ban gan ta a littafi ba.

Ya ce, “Malam ƙarami, wagga ita ta ƙohwar da in ba ka biya ba kana kwana wanga gaɓa.”

'Yan dako suka yi dariya, ni ma na yi, amma tambayar ba ta bar ni ba. A tsakiyar ruwa jakin da ake ja a gefen jirgi ya firgita ya yi tsalle. Na kai hannu biyu na dafe gafakata a ka, takalmina ɗaya ya bi ruwa. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga Kware, sai da wani baduku ya ɗinka mini wani, wanda har muka dawo bai daina cizona ba.

A Gwadabawa muka sauka zango ɗaya da wani falke Bakano mai sayar da baƙaƙen rawuna. Da ya ji aikin da ya fito da mu sai ya aje lomar tuwonsa ya ce mu Sakkwatawa 'yan gata ne, zakka kaɗai muka sani. Ya ce a ƙasarsu kowane magidanci yana ba da kuɗin ƙasa, marini yana biya a kan kowace rijiyar baba da yake rini a ciki, mai rake da mai rogo da mai albasa a fadama kowa da nasa, daga cikinsu kuma ake haɗa gaisuwar da ake aikowa Sakkwato duk shekara. Ban taɓa zuwa Kano ba, kuma mutum in yana kuka da haraji yakan ƙara gishiri, saboda haka ban tabbatar da duk abin da ya ce ba. Na dai rubuta don na ji.

Zakkar hatsi kuwa da idona na gani. Manomi yakan jera damman geronsa a bakin gona, a ɗauki ɗaya cikin goma. Wasu sukan ɗaure na goman ya fi sauran sirantaka, su sa shi inda suke zaton ƙirga zai faɗa. Baba Tunau ya san da haka. Ba ya faɗa da kowa, sai ya juya wa damman baya, ya miƙa sandarsa ta kan kafaɗa, duk wanda ta nuna shi ne. Na ce masa ban ga wannan a littafi ba, amma ban ga inda aka hana ba. Hatsin ana zuba shi a rumbunan hakimi a garin. Aka ce daga nan ake ciyar da masu tsaron ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, da baƙi, da marayu. Na ga ana auna wa wasu tsofaffi, ragowar ban bi sawunsa ba.

Daga Gwadabawa zuwa arewa abin da ya fi tsaya mini a rai ƙasusuwa ne. Ciwon nan da ya shiga shanu shekarun baya ya yi ɓarna a can fiye da yadda muka ji a birni. Za ka wuce tsohon mashekari, wato inda garke ke kwana, ka ga ƙahoni zube a ƙasa, ciyawa ta tsiro tsakaninsu. Baba Tunau ya ce dā in ya zo wannan yanki da garke guda yake komawa, yanzu kuwa kunyar shiga gaban hakimi yake ji.

Illela ba ta kai gari ba, zango ne da 'yan gidaje da kasuwa ƙarama. Daga nan zuwa Ƙwanni ɗan taƙi ne. Ba wani shinge ko alama da ke nuna iyaka, sai dai mutane sun san cewa in ka wuce Ƙwanni ka nufi Adar, ikon Sarkin Musulmi yana ta sirancewa, har ka kai inda ƙauye zai ba da nasa ga wanda ya fi kusa da shi da mashi. Mun tarar da ayarin Buzaye sun sauke gishiri. Wakilin hakimi yana bin kayan yana cire ɗan wani abu daga kowane raƙumi kafin a bar su su wuce kudu. Mazansu ke rufe fuska, matansu na tafiya fuska buɗe, saɓanin yadda muka saba a gidajen malamai. Mazan ko abinci za su ci sai su sa hannu ta ƙarƙashin amawali, ɓangaren rawanin da ke rufe baki. Ɗaya ya ba ni cuku, na yi ta taunawa don kada ya ga na raina, har haƙorina ya yi tsami.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa mai fura, zan kira ta Inna Kulu. Furar da ta dama mini da ruwan tsamiya ce. Ta ba ni haƙuri, ta ce nono yanzu sai ranar da matar Dikko ta kawo, kuma ba ya kai hantsi ya ƙare. Dikko ba shi ne sunansa na gaskiya ba, na sauya saboda dalilin da zai zo.

Shi wannan Dikko Bafulatani ne da ke zaune da iyalinsa kusa da tafkin Kalmalo, kuma a duk yankin shi kaɗai aka ce garkensa ya kai a yi maganar zakka. Muka je duba shi. Mutum ne dogo, ramamme, mai ƙarancin magana. Shanunsa sun ɗan haura talatin. A cikinsu akwai wata jar saniya mai farin goshi, mai tsohon ciki, wadda ko ni da ban san shanu ba na ga ta fita daban. Baba Tunau ya zagaya ta sau biyu. Ɗaya daga 'yan dakonmu ya ɗaga sanda zai kora ta gefe, sai Dikko ya riƙe sandar a sama, ya sake ta a hankali. Baba Tunau ya ce gobe da hantsi za mu dawo, a tara mutane a fitar da hakkin Allah. Kowa ya gane wadda yake nufi.

Da na koma masauki na ambaci jar saniyar. Inna Kulu tana tankaɗe, sai ta tsaya.

Ta ce, “Ɗana, wagga ba a taɓa ta. Ba tashi ba ta.”

Na ce ta wa ce?

Ta yi mini bayanin wata al'adarsu da suke kira habbanaye. In mutum ya rasa shanunsa, amininsa yakan ɗaura masa saniya aro. Zai riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita lafiya lau. Ana kula da ita fiye da ta kai, ba a dukanta, ba a sayar da ita ko yunwa za ta kashe gida. Ta ce jar saniyar wani amininsa ne daga Adar ya koro masa ita bayan ciwo ya share garkensa. Sauran kuma yawancinsu na matan da mazansu suka mutu ne, da na marayun danginsa, kowa da biyunsa ko ukunsa, aka haɗa masa don ya iya kiwo. Nasa na kansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta ce matarsa ce ta gaya mata tana kuka, ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

A abin da na karanta, in dabbobin mutane da yawa suna haɗe, ba a ɗaukar zakka daga wanda rabonsa bai kai nisabi ba, nisabin shanu kuwa talatin ne. In maganar tsohuwa gaskiya ce, babu abin da ya wajaba a kan wannan garke ko kaɗan.

Bayan la'asar na koma rugar ni kaɗai. Na same shi yana gyara dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasu. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa shari'a ba ta ɗora wa mutum zakkar abin da ba nasa ba, in akwai na wasu a cikin garken ya faɗa gobe, ni zan tsaya masa.

Ya ce, “Modibbo, ka sha nono?”

Na ce na gode. Ya sa aka kawo, na sha. Sai da na aje ƙwaryar ya yi magana, idonsa a kan igiya.

“Ubana nan yab ba da zakka, gaban mutane. Ni ma na ba da. Wanda yaɗ ɗaura man saniya da dare yak koro ta, don kada a gani. Shi bai hwaɗi ba. Ni ka tashi gaban taro in hwaɗi?”

Na ce ai ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce ta sami kowa.

Ya ce, “Ku can birni haka na. Abin da tsohuwa tag gaya maka, bar shi inda ka ji shi. Roƙo nika yi.”

Na ce to jar saniyar fa? Ya ɗago ya dube ni, ya ce in an kora ta, shi ba ya da fuskar da zai sake duban arewa da ita. Na taso da nauyi biyu: in na faɗi abin da na sani na tona shi bayan ya roƙe ni, in na yi shiru a tafi da amanar wani ina kallo.

Washegari da hantsi mutane suka taru, Fulani da Hausawa, har da Buzaye biyu da suka zo kallo. Baba Tunau ya yi addu'a, ya nuna jar saniya da sanda ya ce, “Wagga.”

Ban san yadda na miƙe ba. Na ce, “Baba, a gafarce ni. A abin da aka karantar da ni, shanun da suka kai talatin ba su kai arba'in ba, ba a ɗaukar babbar saniya a kansu. Ɗan shekara biyu ake ɗauka. Kuma an hana mai karɓa ya zaɓi mafi kyan dukiyar mutum, balle mai ciki. Ko na yi kuskure a wani wuri, a wannan ina zaton ban yi ba.”

Ya dube ni. Ya ce, “Malam ƙarami, ka san baki nawa ka jiran abin da za mu kai? Masu tsaron ribaɗi ba takarda suka ci ba.”

Na ce na sani, Baba.

“Tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki.”

Na ce na sani. Amma ban zauna ba. Wani dattijo cikin taron ya ce ai don haka aka aiko malam. Baba Tunau ya sauke sandarsa ya ce to, a kawo ɗan shekara biyun.

Na ji sanyi a raina, ina zaton an gama. Akwai 'yan bijimai biyu ko uku masu wannan shekaru a garken, na ɗauka ɗayansu zai kamo. Dikko ya wuce su. Ya je ya sa igiya a wuyan wata karsana ja, mai ɗan fari a goshi, wadda kowa ya gani ya san 'yar wace ce. A lokacin na gane abin da ban lissafa ba. Bijiman na marayu ne, ba zai ba da na wani ba. A cikin masu shekara biyu ita kaɗai ce tasa, ita ce haihuwar fari da jar saniya ta yi masa, ita ce kuma irin da yake sa ran garkensa zai sake tashi daga gare ta.

Baba Tunau ma ya yi turus. Ya ce, “Dikko, ba ka da namiji? Namiji ya isa.”

Na ce haka ne, namiji ya isa.

Dikko ya ce, “Wagga nika badawa.”

Ya miƙa igiyar da hannu biyu. Matarsa da ke tsaye bakin bukka ta juya ta shige. Baba Tunau ya dube ni, ina zaton ya fahimci wani abu, don ya san Fulani fiye da ni nesa ba kusa ba. Na buɗe baki, sai Dikko ya dube ni irin duban jiya, na rufe. Aka yi masa addu'ar da ake yi wa mai ba da zakka, Allah ya sa albarka a abin da ya rage. Ya shafa tare da kowa, kansa a ɗage. Dattawan Fulani suka zo suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya.

Dawowarmu ba ta da labari mai yawa. Jar saniya ta biyo mu har bakin tafki tana kuka, sai da Dikko ya zo ya dafa wuyanta ya juya da ita. Karsanar ta ƙi cin ciyawa kwanakin farko. Baba Tunau, wanda ban taɓa ganin ya kula da dabba ba, shi ya riƙa jiƙa mata dusa da kanwa da hannunsa, kuma bai bar 'yan dako su sa mata sanda ba. Bai sake kira na Malam ƙarami ba, bai kuma tayar da maganar ba har muka rabu. A Gwadabawa muka bar ta a garken hakimi tare da 'yan awaki da tumakin da aka tara.

Da na iso gida na zayyana wa malaminmu komai. Na tambaye shi abin da muka karɓa, zakka ce, ko sadaka ce, ko kuwa abin da bai halatta a karɓa ba. Ya ce a zahiri mai dukiya ake gaskatawa a kan dukiyarsa, kuma mutumin bai ce ba tasa ba ce, labarin tsohuwa ɗaya kuwa ba ya rushe wannan. Na ce amma ni na ji daga bakinsa abin da ya yi kama da amincewa. Malam ya ce zai duba. Har yau da nake rubutun nan bai kira ni a kan maganar ba, ni kuma ban ga ya dace in matsa masa ba.

Wannan shi ne iyakar abin da na riƙe. Baba Tunau yana raye, 'yan dakon ma suna nan, akwai kuma fataken da suka san hanyar fiye da ni. Duk wanda ya ga na kuskure a sunan zango, ko a yadda ake karɓar fito da gishiri, ko a abin da Bakano ya faɗa game da ƙasarsu, ko a hukuncin kansa, ina roƙonsa don Allah ya aiko mini in gyara. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta Illela bana, in ya ga wata jar saniya mai farin goshi a bakin tafki, kada ya tambayi mai kiwonta komai. Ya duba kawai ko ta sauka lafiya, ya zo ya gaya mini abin da ke bin ta, mace ce ko namiji.